Bangon Gabas na Tungar Gwani

Malbaza,
6 ga Afrilu, 2025

Zuwa ga Yaya Shatu,

Assalamu alaikum wa rahamatullahi. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kun yi salla lafiya, ke da maigidanki Malam Kabiru da yara duka. Yaya zafin Tawa? Yaya kuma ƙafar Baba, tana barinsa zuwa masallaci? Mu nan lafiya lau. Matata Rahama tana gaishe ki, ta ce turaren da kika aiko ya iso.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a zamanin waya. Na san Baba ba ya ɗaukar kirana, in kuma kika kunna saƙon muryata sai ya ɗauki butarsa ya bar wurin. Amma na san halinki, tun muna lakwal, makarantar boko, ba ki iya karatu a zuci ba. Ki zauna kusa da rumfarsa ki karanta wa Malam Kabiru da muryar nan taki da ake ji har kasuwa. In wani ya ji, ai ba shi kika karanta wa ba. Shamsuddin, direban kamyon da ke kai siminti Tawa, shi zai riƙa kawo miki.

Yaya, bangon gabas na masallacin garinmu ya faɗi. Ba duka ba, amma abin da ya faɗi ya isa kuka. Ana saura kwana biyar salla, da hantsi, shafen simintin da na yi masa shekara uku da suka wuce ya ɓalle falle guda, tun daga sama har ƙasa. Allah ya taƙaita, ba kowa a gindinsa sai kajin Liman, su ma sun tsira. Na je na duba. Ƙasar da ke bayan simintin ta lalace, in ka sa hannu sai ta zubo kamar gari, gara ta yi gida a ciki, ga rami wanda ɗan jaki zai shige. Ashe duk damina ruwa yana shiga ta tsaga, siminti ya hana shi fita, bango yana ciwo mu muna yaba kyansa.

Ba sai na tuna miki ba, amma zan faɗa da bakina don a ji na faɗa. Kakan kakanmu Gwani shi ya gina masallacin nan, kuma tun daga kansa gidanmu ke riƙe da sarautar magina. Kowace bazara a yi gayya a sake yaɓe shi kafin ruwa ya sauka. Da samari suka yawaita tafiya cirani gayya ta yi wuya, ni kuma ina ganin na shiga kamfanin siminti na waye, sai na ce a shafe shi sau ɗaya a huta. Baba ya ce siminti da laka ba sa zama gida ɗaya. Ni kuwa, a gaban Maigari da dattawa, na ce masa zamanin laka ya wuce, ya bar mu mu yi abin zamani.  Ya tashi ya kakkaɓe rigarsa, ya rantse da Allah ba zai ƙara sa hannu ko baki a sha'anin masallacin ba, washegari ya tafi wurinki. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho, to ga ni ina jin nawa.

Bayan salla aka taru a zauren Maigari. Alhaji Sadiƙu, ɗan garinmu da ke kasuwanci a Kwanni, ya ce a bar wahala, zai kawo katafila a rushe, ya gina na bulo da kwano da fanka saboda Allah. Ba zan zarge shi ba, alheri yake nufi, kuma da yawa sun yi na'am. Ni dai da na tuna rufin nan da Gwani ya ɗaura ba ƙusa ko ɗaya, da sanyin cikinsa da azahar, da zanen Baba na bayan alƙibla wanda na rufe da hannuna, sai na ji ba zan iya yin shiru ba. Na miƙe na roƙi a ba ni dama in mai da shi yadda yake. Aka yi dariya, wani ma ya ce wanda ya yi kisan ne ya fi kowa kuka a makoki. Liman ne ya raba gardama. Ya ce a bar ni har ruwan farko mai cika ƙorama. In bangon gabas, wanda hadari ke fara duka, ya tsaya, masallaci ya tsaya. In ya zube, katafila ta shigo, ni kuma in kama bakina.

Na nemi konje, wato hutun aiki, har farkon damina, shef ɗinmu na kamfani ya ba ni bayan ya gama mamakin mai yin siminti da zai tafi taka laka. Matsalar ita ce, Yaya, ban iya ba. Na tashi a gidan magina amma littafin lakwal na riƙe, abin da na sani daga nesa na gani. Ba na roƙon kowa ya karya rantsuwarsa. Ina dai so a san halin da ake ciki.

Ki gaishe da Malam Kabiru, ki shafa mini kan yara. Wanda ke ƙarƙashin rumfa kuma, ki gaishe shi in zai amsa.

Ƙanenki,
Rabilu

Tungar Gwani,
24 ga Afrilu, 2025

Yaya Shatu,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, kuma tarin ƙaramarku ya yi sauƙi. Amsarki ta same ni, na yi dariya har Rahama ta leƙo. Kin ce da kika fara karatu Baba ya juya baya ya kara rediyo a kunne, rediyon da ba batir a cikinsa tun azumi. Allah ya saka miki, ki ci gaba da ɗaga murya.

Bari in fara da abin kunyar. Kwana shida muka yi ni da mutum huɗu muna kankare sauran simintin. Daga nan sai halin nawa ya motsa. Na aro injin kwaɓa siminti, na ɗebo ƙasa daga fadama saboda ta fi kusa, na zuba ruwa da ciyawa, injin ya juya, cikin kwana biyu na toshe ramin na shafe. Har hoto na ɗauka. Rana ta uku duk wurin ya tsattsage, ta biyar ya fara zubowa da kansa ba wanda ya taɓa shi.

Gwaggo Tsahara, ƙanwar Baba, kin san bakinta. Ta zo wucewa ta tsaya ta riƙe haɓa, ta ce ta sha ganin tuwon gaggawa amma yau ta fara ganin bangon da aka dama kamar kunu. Ta ce tun tana yarinya ba ta taɓa ganin an taka ƙasar masallaci ba ganga ba. Na ce mata ni bango nake nema, ba biki ba. Ta ce to in je in faɗa wa Chindo haka.

Kin tuna Chindo, makaɗin magina mai yatsa shida? Tun da na shafe masallaci ba a sake yaɓe ba, ba a sake kiransa ba. Na same shi a Badagishiri yana gadin lambun albasar wani, idonsa ya yi yana, gangar tana rataye a bukka ɓera ya cinye fatar. Wallahi ban taɓa tunanin simintina har ganga ya kashe ba. Ya bar ni durƙushe ina ta gaisuwa, yana tambayata ɗan wane ne ni, alhali ya san muryata sarai. Da na faɗa masa abin da na yi da inji, ya yi dariya har ya sarƙe. Sannan ya jawo kwanon abincinsa ya kife, ya fara bugawa da yatsu, ya ɗauko waƙar taka ƙasa, wadda muke ji tun muna yara.

Yaya, shekarata talatin da shida ina ɗaukar waƙar nan kirari ce kawai, irin wanda makaɗi ke yi don a yi masa kyauta. Ranar nan ce na saurare ta. Baitin Gwani cewa yake:

Gwani na gindin tsauni,
ba ka gini da ƙasar fadama,
jar ƙasa mai tsakuwa ita ce taka.

Na ɗansa Tanko kuma:

Tanko mai haƙurin kwana bakwai,
sai ta ruɓa, sai ta yi wari,
kullum safiya a sake taka ta.

Na kakanmu Na-Allah duk a kan makuba yake, kwana nawa ake jiƙa ɓawon ɗorawar har ruwan ya yi ja, da cewa ba a shafa ta da rana tsaka. Ashe aikin yana cikin waƙar. Kowane Sarkin Magina da abin da ya fi ƙwarewa a kai aka yabe shi, don na baya su ji su riƙe. Na zauna a ƙasa hawaye ya zo mini, kuma ba albasar ba ce.

Ya ce zai zo, amma sai an ɗaura wa ganga sabuwar fata, kuma sai an kai masa goro daga gidan Sarkin Magina kamar yadda aka saba, don shi ba mai kabu-kabu ba ne da za a kira a waya. Gwaggo da kanta ta kai goron jiya. Gobe in Allah ya kai mu za mu fara haƙar ƙasa a gindin tsauni.

A gaishe da kowa da kowa, har da mai rediyo.

Ƙanenki,
Rabilu

Tungar Gwani,
26 ga Mayu, 2025

Yayata,

Assalamu alaikum. Da fatan wannan takarda za ta same ku cikin ƙoshin lafiya, ke da Malam Kabiru da yara da Baba. Ki yi haƙuri da jimawar da na yi, hannuna ne ya yi kanta har riƙe biro ya zama aiki. Da za ki gan ni yanzu da ba ki gane ni ba, na yi baƙi na rame, amma rabona da farin ciki irin wannan na manta.

Ranar da Chindo ya fara buga ganga, wasu samari suka je wurin Liman suka ce kiɗa da ɗakin Allah ba sa haɗuwa. Na tsorata, na ce shi ke nan. Liman ya ce su zauna ya faɗa musu yadda ya tarar ana yi. Ganga tana tsayawa a ramin ƙasa, can bayan bishiyar kuka, ba ta matsowa kusa da masallaci, kuma da an kira salla take yin shiru. Daga rami zuwa masallaci kuwa da salati da waƙar begen Annabi ake ɗaukar laka, kuma ba mai hawa bango sai da alwala. Ya ce in sun ga laifi a nan su nuna masa. Biyu daga cikinsu yanzu su ne ke ba da baitin bege, muryarsu ta fi ta kowa daɗi.

Mutane ne ba mu da su da farko, mu tara ne kacal. Sai wani ya naɗi kiɗan Chindo a waya ya tura wa 'yan ciranin garinmu. Yaya, ba a yi kwana goma ba suka fara sauka, daga Ikko, daga Abijan, daga Agadas, wasu ko gida ba su shiga ba suka ajiye jaka gindin kuka suka naɗe wando. Ɗaya ya ce mini yana cikin tura baro a kasuwa ya ji gangar, sai ya ji warin lakar garinsu a hancinsa. Dama za su dawo noma, amma bana sun riga hadari zuwa. Ranar Juma'ar da ta wuce na ƙirga mutum sittin da uku a rami.

Mun bi waƙa sau da ƙafa. Jar ƙasa daga gindin tsauni, a zuba ciyawa, a taka da safe har Chindo ya kai ƙarshen baitinsa, a rufe a bari, gobe a sake, har kwana bakwai. Warin kam ba a magana, Rahama ta hana ni shiga ɗaki sai na yi wanka sau biyu. Amma in ka damƙi lakar nan a hannu sai ka ji ta kama kanta. Muka yi tubali muka cike ramin a hankali, layi biyu a yini, ba ƙari. Makuba daga kasuwar Kwanni aka kawo, Gwaggo Tsahara ce shugabar jiƙa ta, mata suna ɗebo ruwa a jere suna tasu waƙar, ita tana bin tulunan tana leƙawa tana faɗa. Mun shafe bango huɗu da sassafe da yamma lis. Yanzu ya yi ja ya yi sheƙi, ko tsaga ɗaya babu.

Abu biyu ne suka rage mini a zuci. Chindo baiti uku yake yi ya tsaya. Na huɗu na Baba ne, kuma ya ce ba a yin baitin mai rai sai yana tsaye a wurin. Na roƙe shi ko a kunne ya raɗa mini, ya ƙi. Ni kuma ban riƙe shi ba, don da muna yara kafin a kai nan mun ruga wurin fura. Na biyu shi ne gurbin zane na bayan alƙibla, wanda Sarkin Magina kaɗai ke yi da yatsunsa a kan ɗanyar laka. Na bar shi fili. Ana ta cewa in yi, na ce ba ni ne Sarkin Magina ba.

Yau kuma na gama aikin rufi. Tsofaffin indararon nan na giginya, dogwayen da ke gefen gabas, guda huɗu sun ruɓe, na cire su. Na sa tiyon roba a madadinsu, na yanke su daidai taƙi ɗaya ɗaya, sun yi tsaf da bango, ba su zaro kamar na da ba. Kowa ya ce sun yi kyau. Kin ga ke nan zamani ma yana da ranarsa.

Ki ce wa mai rediyo bango ya tashi. Allah ya kai mu salla lafiya.

Ƙanenki mai warin laka,
Rabilu

Tungar Gwani,
10 ga Yuni, 2025

Yaya Shatu,

Assalamu alaikum, barkanmu da salla, Allah ya karɓi layyarmu. Ina fata kuna lafiya. Ni dai tun da takardarki ta zo hankalina ba ya jikina.

Kin ce kamyon Shamsuddin ta lalace a hanya, wasiƙata ba ta iso ba sai ana gobe salla. Kin ce Baba yana ta murmushi a ɓoye har kika kusa ƙarewa, sai kawai ya ajiye rediyon ya miƙe tsaye, ya buɗe baki kamar zai yi magana, ya sake rufewa. Tun daga nan ba ya cin abin kirki, ko naman layya bai taɓa ba, sai kallon gabas. Kuma kin ce shekaranjiya ya sa kin auna gero mudu goma, ya nemi mabukata goma ya ba kowa da hannunsa. Yaya, me ke damunsa? Ki faɗa mini gaskiya. Tsoho ya daina cin abinci ya fara rabon sadaka, ni abu ɗaya ya zo mini a rai, kuma ba na son in rubuta shi. Ki kai shi likita ko da ya ƙi.

Na faɗa wa Gwaggo Tsahara, ita kuwa sai ta fashe da dariya, ta ɗauki tsintsiya ta tafi share soron Baba da ke rufe shekara uku. Na tambaye ta, ta ce in koma makarantar allo. Tsufa ya fara taɓa ta, ina ji.

Wannan sakin ki karanta shi a hankali, kusa da shi. Baba, na yi maka laifi a gaban mutane, na raina abin da ya ciyar da ni ya tufatar da ni. Ko bango ya tsaya ko ya faɗi, ka yafe mini. Masallaci in ya rushe za a gina wani, amma ni ba ni da wani uba.

Hadari ya fara haɗuwa kullum da la'asar, jiya har an yi yayyafi. Katafilar Alhaji Sadiƙu tana Illela tana aikin hanya, an ce in an gama nan za ta wuto. Ku sa mu a addu'a.

Ƙanenki,
Rabilu

Tungar Gwani,
22 ga Yuni, 2025

Zuwa ga Yayata Shatu, sarkin masu karatu da ƙarfi,

Assalamu alaikum wa rahamatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe ki gaisuwar da ba ta da iyaka, ke da Malam Kabiru da yara. Na san Shamsuddin ya faɗa miki ya sauke fasinjansa lafiya a Badagishiri, amma sauran labarin ni zan ba ki, don a waya kuka zai hana ni.

Da farko, Gwaggo ta yi gaskiya, ya kamata a mai da ni makarantar allo. Mudu goma ga mabukata goma, ai kaffarar rantsuwa ce! Tsoro ne ya rufe mini ido. Ke ma kin sani kika ƙyale ni ina ta kuka a takarda, Allah ya isa tsakanina da ke, amma na yafe.

Ranar Litinin da hantsi ina gindin bango sai ga kabu-kabu ta tsaya. Baba ya sauko, rigarsa duk ƙurar siminti, don a gaban kamyon siminti ya yi tafiyar, shi da ko buhunsa ba ya son gani. Na ruga na durƙusa, ko kallona bai yi ba. Ya karɓi buta ya yi alwala, ya fara zaga masallaci yana ɗingishi. Yana ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa yana kara kunne, yana shinshinawa, har ya lakato kaɗan ya ɗanɗana. Mutane suka taru a bayansa. Ya zaga kudu, yamma, arewa. Da ya iso gabas ya ɗaga kai ya ga tiyona, sai ya juyo ya daka mini tsawa: "Kai Rabilu! Wane sakarai yas sa wanga abu? So kake ruwan rufi duka shi zuba ga gindin bango? Hakanga anka koya maka?"

Yaya, shekara uku ina jiran muryar nan. Tun da aka haife ni ba a taɓa yi mini faɗa mai daɗi kamar wannan ba. Ina tsugune ina dariya ina hawaye, shi kuma yana ta ƙarawa.

Ashe tun da ya ji zancen taƙi ɗaya a wasiƙata ya san bangon ba zai kwana ba. Duk ruwan da rufi ya tara da gangarowa zai yi a jikin sabuwar laka ya cinye gindinta, wahalar wata biyu ta tafi a yini ɗaya. Rantsuwa ta ɗaure masa baki, sai da ya kwance ta kamar yadda Allah ya ce a kwance. Ya sa aka shiga soronsa, can cikin rufi aka zaro indararon giginya guda huɗu da ya fafe ya adana tun kafin in shiga lakwal. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kafin la'asar mun cire tiyon mun dasa su, yana ƙasa da sanda yana nuna mini, ni ina sama ina shan zagi.

Washegari da safe aka kwaɓa lakar zane. Baba ya tafi rami bayan kuka ya tsaya a gaban Chindo. Tsofaffin nan biyu ba su gaisa ba ma, Chindo ya ji takunsa kawai ya ɗauki makaɗi ya shiga baiti na huɗu:

Mamudu mai korar ruwa,
kamu ukku kake jefa shi,
gindin gininka bai san damina ba.

Kin ji fa. Abin da ya kusa kashe ni yana cikin baitin da ban tsaya na ji ba saboda fura.

Daga nan muka ɗauki laka da salati har bayan alƙibla. Baba ya hau tsani, ya yi bisimilla, ya sa yatsu. Layin bai karkace ba, ya fitar da dagi da jinjirin wata da allo a gefen dama. Da ya kai tsakiya sai ya sauko, ya goge hannu, ya ce ƙafarsa ta gaji, in hau in yi gefen hagu ya yi daidai da nasa. Ƙafar da ta zaga masallaci ranar Litinin ba ta gaji ba. Na hau na yi, nawa ya ɗan fi nasa kauri, ya ce badi zai gyaru.

Ranar Juma'a, ana sallame salla, gabas ta yi baƙi ƙirin. Ba wanda ya tafi gida. Iska ta taso, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, yana dukan bangon gabas muna ciki muna jin ƙararsa. Liman ya fara salati jama'a suka amsa, ni kuwa bakina yana motsi amma kunnena yana bango. Na kasa daurewa na fita cikin ruwan. Yaya, da kin ga indararon nan huɗu suna feshin ruwa can nesa, kowanne ya haƙa ɗan rami a ƙasa inda yake zuba, gindin bango kuwa ko kwatami bai yi ba. Na juya sai na ga Baba a bayana, ya jiƙe sharkaf, ya harɗe hannu a baya yana kallo.

Sai bayan la'asar ya ɗauke, ƙorama ta cika har ta hau gonar Maigari. Aka fito gaba ɗaya, Maigari da Liman da Alhaji Sadiƙu a gaba. Alhaji ya danna babban yatsansa a bango da ƙarfi, ya duba yatsan, ya sake dannawa a wani wuri. Sannan ya ɗaga hannu ya yi kabbara, gari ya ɗauka. Gwaggo Tsahara ta rangaɗa guɗa har muryarta ta dushe, samari suka ɗaga ni sama da rigata mai laka. Alhaji ya ce katafila ta zo duk da haka, ta gyara hanyar gindin tsauni don ɗebo ƙasar badi, kuma a sa sunansa cikin masu taka laka.

Jiya a rami Chindo ya yi baiti huɗu, muna shirin watsewa sai muka ji bai tsaya ba:

Rabilu na Malbaza,
kai ka ɓata, kai ka gyara,
ɗan magini ba shi ɓacewa.

An yi ta dariya, na ce a cire layin tsakiya, Baba ya ce shi ne ma amfanin baitin, a bar shi don na baya.

Gobe zan koma aiki Malbaza, amma na riga na faɗa wa shef kowace bazara ya san inda zai neme ni. Da zan ba Rahama rigar Baba ta wanke, na tarar da wasiƙuna huɗu a aljihu, a ninke cikin leda don kada su jiƙe. Ban ce masa na gani ba.

Ki ba Shamsuddin tabarmarsa da bargonsa da maganin ƙafarsa. Na tambaye shi yaushe zai koma Tawa, ya ce bangon laka yana son a duba shi bayan kowane ruwa, kuma ba zai bar wa mai tiyo ba. Rediyon kuma ya ce ki riƙe, ba ya bukatarsa.

Allah ya bar zumunci, ya saka miki da aljanna.

Ƙanenki,
Rabilu ɗan Sarkin Magina